Na Rubuta Uban Ɗalibata Cikin Matattu Alhali Yana Raye

Assalamu alaikum Edita, da masu karanta wannan shafi, na gida da na kan hanya. Daga Makka nake rubutowa. Kada ka nemi sunana, sunayen da ke ciki ma duk na sauya su. Jaridarku ba a sayar da ita a nan, sai dai alhazai su naɗo daddawa ko kuka a cikinta, mu warware mu karanta inda bai yage ba. A haka na ga mutane suna kawo muku damuwarsu, to ga tawa. Ban ce kada a zage ni ba, na cancanci zagi, amma don Allah a kai ƙarshe tukuna.

Duk unguwar Mansur sun yi kuskure a kaina. Cewa ake yi alƙalamina mai albarka ne, wai ni na ceci makarantar 'yan mata, wai tun da 'yar Sudan ta zo aka samu rufi aka samu littattafai. Mata suna tare ni a hanya suna sa min albarka, wata har ta raɗa wa jaririyarta sunana. Duk addu'ar da aka yi min ji nake kamar an watsa min tafasasshen ruwa. Babu wata albarka. Ƙarya na rubuta, da rubutu mai kyau da layi a miƙe, kuma wata tsohuwa can ƙasar Katsina, wadda ba ta san ma ina duniya ba, ita ce zafin ya faɗa wa.

Ni a kan hanya aka haife ni. Iyayena sun yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga kafin su samu ƙetare teku, can na yi makaranta har sakandare, shi ya sa ake ce min 'yar Sudan. Ƙasar Hausa ban taɓa taka ta ba. Da muka iso, wata dattijuwa da zan kira Hajiya Kulu ta ɗauke ni in taya ta koyarwa. Makarantar tata rumfa ce a tsakar gida, bangonta garewanin kananzir da aka fasa aka miƙar, yara mata kusan arba'in, 'ya'yan masu shara da masu dako da masu tuyar ƙosai. Ita tana ba da Alƙur'ani, ni rubutu da lissafi. Rana na takewa sai mu sallami rabi, don inuwar ba ta isar su duka.

Taimako sau ɗaya yake zuwa mana a shekara, lokacin Hajji, in muɗawwifi, wato jagoran alhazai, ya zago da manyan alhazan gida su ga yadda 'yan'uwansu suke zaune. Shekara biyu da suka wuce aka kawo mana wani Alhaji mai awon gyaɗa, irin masu zuwa ta jirgin sama. Ya tsaya a bakin rumfa, ko takalmi bai cire ba, ya bi yaran da kallo kamar mai taya raguna, ya ce, "Hajiya, marayu nawa ne a ciki?" Ta ce bakwai. Ya ce, "Bakwai kacal? Ai ni an ce min makarantar marayu ce. Ni da jama'ata ladan maraya muke nema. Mai uba, ubanta ya yi mata." Na ce, "Alhaji, uban nasu ka gan su kuwa?" Hajiya ta taka min ƙafa. Bai ko dube ni ba, ya ce in sun kai goma a rubuta masa sunaye, zai sa a riƙa karantawa a masallatan Juma'a na garuruwan da yake awo, jama'a su ba da abin da Allah ya hore.

Ku masu bayarwa, ku nake tambaya, don na san kuna karanta jaridar nan kuna kishingiɗe. Sai uba ya mutu 'yarsa za ta cancanci allo da inuwa? Mutumin da ya tako daga ƙasarku da ƙafa, ya binne matarsa a nan, kafaɗarsa ta yi kanta da sandar ruwa, shi laifinsa shi ne bai mutu ba? Kun zo neman lada kamar masu sayen atamfa, wannan launi kuke so, wancan ba kwa so. Ban faɗi haka don in wanke kaina ba. Na faɗa ne don ku san a kasuwarku na koyi algus.

Alhaji na fita Hajiya ta ce, "Ya bint," haka take kira na da Larabci, wato ke yarinya, "cika goma." Na ce, "Da wa?" Ta ce, "Da waɗanda ubansu da shi da babu duk ɗaya ne." Zan so in ce muku na yi gardama, amma ban yi ba, ko ta minti ɗaya. Haushin Alhaji ya cika ni, na ga kamar ramuwa ce in damfare shi. Na zaɓi yara uku. Biyu iyayensu a nan aka haife su, babu wanda zai ji labarinsu a gida. Ta ukun ita ce Ramatu, yarinyar da ta fi kowa kai a ajin, mai shekara tara a lokacin. Uwarta ta rasu tun tana goye. Ubanta shi ne Baba Ilu, sagga, wato mai ga-ruwa, da garwa biyu a sanda yana hawa da sauka tsakanin famfon unguwa da gidajen mutane. Ya riga ya gaya min zai cire ta, wata maƙwabciyarsu tana son mai taya ta talla, za ta riƙa ba ta abinci. Na ce a raina, yarinyar da take gyara min lissafi in na yi kuskure da gangan, ita ce za ta ɗauki faranti? Na rubuta ta.

Ga inda wautata take. Hajiya sunaye kawai ta ce in jera. Ni kuwa mai ilimi, 'yar sakandare, sai na ga ai ba a yin takarda haka kamar ta jahilai. Na ɗauko abin ja layi na raba takardar gida uku yadda aka koya mana a Sudan, sunan yarinya, sunan uba, garin asali. Na rubuta Ramatu, na rubuta marigayi Ilu ɗan wane, na rubuta sunan garinsu, wanda na ji a bakinsa. Wallahi a wurina sunan garin nan kalma ce kawai, irin waɗanda tsofaffi ke ambata in sun zauna hira suna share hawaye. Ban taɓa kawowa a raina cewa gari ne mai masallaci da mutane masu kunne ba. Hajiya ta ga takardar, ba ta iya karatun boko ba, ta ce, "Masha Allah, ga layuka kamar na hukuma." Ni kuma na ji daɗi. Na ji daɗi, kun ji.

Bara taimako ya iso. Aka rufa rumfa da kwano, aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo littattafai da alluna, aka fara dafa wa yara abincin rana, duka arba'in ɗin, don Hajiya ba ta iya ciyar da goma talatin na kallo. Ramatu ta zauna a makaranta. Baba Ilu bai san dalili ba, an dai ce masa wani bawan Allah ya ɗauki nauyin yara. Tun daga ranar kullum da safe sai ya juye mana garwa biyu a randa, ko sisi ba ya karɓa. In na miƙa masa sai ya ce, "Ustaza, kada ki ɓata min. Ni ma a bar ni in sa hannu a makarantar, ko da ruwa ne." Na saba da ƙaryar har na daina tunawa da ita.

Bana, kwana biyar kafin hawan Arfa, wata mata ta yi sallama da hantsi tana tambayar makarantar marayu. Zan kira ta Iya Abu. Hajiya ba ta nan, na shigar da ita ɗaki na ba ta ruwa. Ta ce daga garin su marigayi Ilu take, katangarsu ɗaya da mahaifiyarsa, amma ita ba ta san shi ba, bayan tafiyarsa aka kawo ta garin aure. Ta zauna tana ba ni labari a nitse. Ta ce ranar da aka karanta takardar a masallaci ƙaninsa yana sahu na biyu. Ta ce shekara goma sha shida tsohuwar tana jira, ta hana a raba gonar ubansu, ta hana kowa kwana a ɗakinsa, duk damina sai ta sa an yi masa yaɓe. Duk alhajin da ya dawo, ko daga wane ƙauye, sai ta ɗaura zane ta je tambaya. Da labari ya zo aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku da ta arba'in, mutane suna ta ce mata ta gode Allah, ɗanta ya dace, ƙasar Makka ta karɓe shi. Aka raba gona, ɗakin aka zuba dawa. Ta ce, "Tun daga nan Inna ba ta ƙara leƙa ƙofar gida ba. Da ma jiran ne yake tashinta da safe. Yanzu idon ma ya tafi, sai an ɗaga ta an kwantar."

Ta kwance ƙunshi ta fito da zanen saƙi baƙi, ta ce tsohuwa ta aiko wa marainiya. Abu biyu kuma tsohuwar ta roƙa, a nuna wa Iya Abu yarinyar don ta koma ta gaya mata wa ta ɗauko, a kuma nuna mata kabarin. Na ce mata a nan mata ba sa shiga maƙabarta, kuma ba a sa wa kabari alama, wannan gaskiya ne. Na ce Ramatu tana Madina wurin dangin uwarta, wannan ƙarya ce, don ina jin muryarta daga rumfa tana biya wa ƙananan yara karatu. Muna cikin haka sai ga sallama a tsakar gida, "Ustaza, moya." Baba Ilu ne yake shelar ruwa da Larabci, ya makara ranar, layin famfo ya yi tsawo saboda baƙi. Iya Abu ta ɗaga labule ta ce, "Bawan Allahn nan Bahaushe ne?" Na ce eh. Ta laluba bakin zaninta ta miƙa masa goro ta ce, "Malam, ungo, ka yi wa wani mamacinmu addu'a, a garin nan ya cika." Ya sauke sanda, ya goge hannu a riga, ya ɗaga ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba nasa haƙuri." Ta ce amin. Ni ma na ce amin, da bakina. Ba ta faɗi suna ba, shi ma bai tambaya ba, gidaje suna jiransa. Ya juye ruwa ya fita yana tauna goron.

Wace irin mace ce take tsayawa ta kalli haka ta yi shiru? Ni ce. Na karɓi zanen na cusa a ƙasan akwatina, na raka ta har bakin titi, na tambaye ta masaukinta kamar mai son zumunci, ta ce a unguwar Tandabawi suke, ta kuma faɗa min ranar komawarsu. Ina so ne in san ta inda zan riƙa kaucewa.

Da a nan ya tsaya, da ƙila har yanzu ina shiru, ba zan ɓoye muku ba. Shekaranjiya, bayan an sauko daga Mina, Baba Ilu ya juye ruwa bai tafi ba. Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ciro wata takarda a aljihu ya ce, "Ustaza, duba min ko da gyara." Ajami ne, hannun Ramatu, na san shi ko a cikin dubu. Wasiƙa ce zuwa ga Innarsa. Yana gaishe ta, yana nan da rai da lafiya, ta yafe masa shirun da ya yi, wannan rubutu kuma jikarta ce ta yi da hannunta. Na ce, "Baba Ilu, duk shekarun nan ba ka taɓa aika saƙo ba?" Ya yi dariya ya ce, "In aika in ce me? Na ce mata shekara uku zan yi in dawo da rawani da abin hannu. In ce ina nan ina ɗaukar wa Larabawa ruwa? Ko alhazan wajenmu na hango, lungu nake shigewa. Amma yanzu ina da abin faɗa. Duk zuri'armu babu macen da ta taɓa riƙe alƙalami. Liman zai karanta mata a zaure, kowa ya ji." Ya ce ni na san alhazai, in nemo masa ɗan wajensu mai amana. Ya ƙara da cewa, "In tana nan fa. In ba ta nan kuma, to, Allah ya gani na yi." Na ce babu gyara, zan nemo.

Na shiga wurin Hajiya da wasiƙar a hannu ɗaya, zanen a ɗaya, na zayyane mata komai. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Wa ya ce ki sa sunan gari?" Na ce, "Wa ya ce in cika goma?" Ta ce, "Ni na ce, kuma gobe ma zan ce. Ke kin zo jiya da takardar Sudan, ni shekara ashirin ina roƙon alhazai. Kin taɓa ganin yarinya ta faɗi a tsakiyar karatu don ba ta karya ba? Tsohuwa ta yi kukanta ta gama, shi ke nan. Za ki tayar mata da mamaci ya sake mutuwa ba ta gan shi ba? Yana da kuɗin jirgi ne? Gona an raba, za ki haɗa 'yan'uwa shari'a. Shi kuma Alhaji, ranar da labari ya zaga masallatan nan cewa marayun Makka iyayensu na yawo, ba mu kaɗai ba, duk wata rumfar Bahaushe a garin nan ta gama samun taimako. Marayun gaskiya bakwai fa, su me suka yi?" Na ce, "Hajiya, mutumin nan ya yi wa kansa addu'ar mamaci a tsakar gidanki." Ta ce, "Addu'a ba ta ɓaci, zai same ta a gaba. Ajiye wasiƙar, baɗi ki ce masa ba a samu amsa ba. Kin fi ni tsoron Allah ne, ya bint, ko kin fi ni ƙoshi?"

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba duka maganarta ce ƙarya ba. Na fito na dubi yaran a inuwar kwanon nan, kowace da littafinta, na ji tukunya tana tafasa a bayan ɗaki, na rasa wanda zan shaƙe. Ina jin haushin Alhaji da ya sa wa sadaka sharaɗin gawa. Ina jin haushin Hajiya da ta mai da ni hannunta, ta kuma iya kallon idona ta ce in jira baɗi, ta san sarai tsohuwar da ake ɗagawa a kwantar ba lallai ta ga baɗi ba. Ina jin haushin Baba Ilu ma, ƙato da shi, shekara goma sha shida yana shigewa lungu saboda rawani, ya bar uwa tana bin ƙauyuka. Amma duk cikinsu wa ya rubuta marigayi? Wa ya ce yarinya tana Madina? Wa ya ce amin? Ilimin da nake taƙama da shi, da ake cewa in an ba mace ta gyara al'umma, abin da na yi da shi ke nan.

To masu karatu, ga tambayata, kuma kada wani ya rubuto min cewa in yi istigfari, ina yi. Yara arba'in ɗin nan nake tambaya a kai. In rubuta wa Alhaji da hannuna in ce ni na yi, ni kaɗai, ko zai hukunta ni ya bar makarantar? Ko in bari labari ya same shi a bakin mutane? In ya janye, akwai a cikinku wanda zai ciyar da yarinyar da ubanta ke raye, ya ba ta allo ba tare da ya nemi ganin kabari ba? In akwai ya faɗa a shafin nan, wani alhajin zai naɗo min. Hajiya kuma, wadda ta ɗauke ni lokacin da babu mai ɗaukar mace aiki, in tona ta ko in rufe? Ni dai, me zan yi da su?

Na san amsarku ba za ta iso ni ba sai Hajji mai zuwa, ni kuwa ba ni da shekara, ina da kwana ɗaya, don jibi su Iya Abu za su wuce Jidda. Saboda haka ɓangaren tsohuwa ban bar muku shi ba, na yanke. Wasiƙa kaɗai ba za ta isa ba, waɗanda suka raba gona za su ce ta bogi ce. Gobe da safe zan tsayar da Baba Ilu in gaya masa abin da na rubuta, a gaban Hajiya in ta so, a bayanta in ta ƙi. Daga nan in ɗaura wa Ramatu zanen kakarta, mu uku mu taka zuwa Tandabawi. Ya yafe min ko ya tsine min, wannan nasa ne. Amma matar nan ba za ta hau motar Jidda ba sai ta gan shi tsaye, ta ji ya faɗi sunan uwarsa da bakinsa.

Wassalam.
Wata malama, daga Makka.